Ranar da za a nemi kwafin

Ranar Talata 27 ga Yuni, 2017, allunan kwamfutoci suka riƙa yin baƙi ɗaya bayan ɗaya a ofisoshin Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmark da ke dakon kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwantenonin duniya a lokacin. Muguwar manhajar da aka sanya wa suna NotPetya ce ta kutsa ta cikin wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Yukren mai suna M.E.Doc, wadda aka ɗora a kan kwamfuta guda a ofishin kamfanin na Odesa. Kafin a ankara ta game ko'ina. Tashoshin ruwa 17 cikin 76 da kamfanin ke gudanarwa suka tsaya cik, manyan motoci suka yi dogon layi a bakin ƙofa, babu mai iya gaya wa direba kwantenar da zai ɗauka.

Kamfanin ya tara ƙwararru a garin Maidenhead na Ingila domin a sake gina komai. Da aka bincika, sai aka tarar kusan kowace saba tana da kwafin ajiya. Iri ɗaya kawai aka rasa, kuma shi ne wanda in babu shi sauran ba su da amfani: sabobin tantancewa, waɗanda masu aikin ke kira DC. Maersk na da su wajen 150 a faɗin duniya, kowace tana kwafar 'yar uwarta, saboda haka aka ɗauka kowace ajiya ce ga sauran. Bai zo wa kowa a rai ba cewa za a wayi gari an shafe su duka a lokaci guda.

Guda ɗaya ta tsira. Kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya kawo a mujallar Wired a 2018, a wani ofishin kamfanin da ke Ghana aka same ta, kuma abin da ya cece ta shi ne an ɗauke wuta kafin harin, tana kashe lokacin da annobar ke yawo. Turo bayanan ta intanet zai ci kwanaki, ma'aikatan ofishin kuma babu mai bizar Ingila. Sai wani ya hau jirgi da faifan zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani ma'aikacin a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. A taron Davos na Janairun 2018, shugaban hukumar gudanarwar kamfanin, Jim Hagemann Snabe, ya ce sai da suka sake ɗora manhaja a saba 4,000 da kwamfuta 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Matasan da ke shiga wannan aiki yanzu, maza da mata, waɗanda ake danƙa wa makullin ɗakin saba a banki ko asibiti ko jami'a, suna da sauƙi ta fuska ɗaya. A yau ana iya kafa kwamfuta a cikin kwamfuta, wadda ake kira VM, cikin 'yan mintoci, a maido da DC a kanta ba tare da an sayi ko ƙusa ba. Sai dai wannan sauƙin shi ne ke yaudarar da yawa daga cikinsu. Suna kallon DC kamar fayil da za a kwafa yau a manna gobe, alhali ita na'ura ce mai lissafin lokaci, mai magana da 'yan uwanta dare da rana, kuma 'yan uwan ba sa manta abin da ta faɗa musu jiya.

Aikinta shi ne riƙe kundin da Microsoft ya sanya wa suna Active Directory, wanda ya fara fitowa tare da Windows 2000. A cikinsa akwai sunan kowane ma'aikaci da kowace kwamfuta, da rukunin da kowa yake, da abin da aka yarje masa ya buɗe. Ma'aikaciyar da ta zo da safe ta rubuta kalmar sirrinta, DC ce ke cewa e ko a'a. Firinta, akwatin imel, manhajar albashi, foldar da sashen kuɗi ke ajiye takardu, duk wurinta suke zuwa tambaya. Kundin kansa fayil guda ne mai suna ntds.dit, yana zaune a foldar NTDS ƙarƙashin Windows. Kusa da shi akwai SYSVOL, inda ake ajiye dokokin da ake tura wa kwamfutoci. A yawancin ma'aikatu kuma ita ce ke aikin DNS, wato ita ke nuna wa kowace na'ura inda 'yar uwarta take. Shi ya sa ranar da ta faɗi babu mai cewa saba ɗaya ta lalace. Cewa ake yi netwok ya mutu, kuma wayar yaron IT ce ke fara ruri.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a kan matashi shi ne kwafar juna ba ajiya ba ce. Idan ma'aikata na da DC biyu a gini ɗaya, canjin da aka yi a ɗaya yakan fara tafiya wurin ɗayar bayan daƙiƙa 15. Tsakanin garuruwa kuwa, yadda Windows ke zuwa da shi, duk bayan minti 180 ne, ana kuma iya rage shi zuwa 15. Wannan yana maganin mutuwar faifai da ƙonewar na'ura. Ba ya maganin kuskure ko mugunta. A ce wani ya goge rukunin ma'aikatan wani sashe gaba ɗaya da rana tsaka: kafin ya gama salati gogewar ta isa ɗaya sabar, ita ma ta yi biyayya. Saba biyu wajibi ce, kuma kada a ɗora su a kan na'urar masauki ɗaya, wato na'urar da ke ɗauke da VM, amma ba su ɗauke wa kowa nauyin yin ajiya ba.

Ajiyar da ta dace ita ce wadda manhajar da ta san Active Directory ta ɗauka. Windows Server na zuwa da tata kyauta, Windows Server Backup, wadda ake sarrafawa da umarnin wbadmin, akwai kuma na kasuwa irin su Veeam. Ana iya ɗaukar abin da ake kira System State, wanda ya ƙunshi kundin da SYSVOL da rajistar Windows da fayilolin tashi. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Microsoft bai amince a zuba wannan ƙaramin kwafi a kan sabuwar Windows da aka ɗora daga farko a wata na'ura daban ba. Wanda ke da niyyar maido da sabarsa a kan VM ranar da ƙarfen ya mutu, cikakken kwafin saba yake buƙata, wanda ya haɗa duk faifan da Windows ke tashi da su. Gara ya san haka yau da ya gano shi ƙarfe biyun dare.

Kwafin kuma yana tsufa. Idan aka goge abu a kundin, ba a share shi nan take. Ana barin alamar cewa ya mutu, alamar ta zagaya duk sabobin, sai wa'adi ya cika a kwashe ta. A tsarin da aka kafa a kan Windows na baya-bayan nan wa'adin kwana 180 ne. Wanda aka kafa tun zamanin Windows 2000 ko farkon 2003 kwana 60 ne, kuma ɗaga Windows zuwa sabuwa ba ya canza shi, don haka wanda ya gaji tsohon tsari ya je ya duba da idonsa. Kwafin da ya wuce wannan wa'adi ya tashi daga aiki, domin zai dawo da mutanen da sauran sabobin suka manta an taɓa gogewa. Tun kafin a kai nan ma akwai matsala: kowace kwamfutar da ke cikin tsarin tana canza tata kalmar sirrin duk kwana 30, saboda haka gwargwadon tsufan kwafi, gwargwadon yawan kwamfutocin da za su wayi gari sabar ba ta gane su ba. Kwafin kullum shi ne daidai.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne sinafshot. A Hyper-V ko VMware, manhajojin da ake kafa VM da su, da danna maɓalli ɗaya za a ɗauki hoton halin da VM take ciki, in wani abu ya lalace a koma wurin. Ga sabar gwaji wannan ni'ima ce. Ga DC kuwa, sai an fahimci yadda take ƙidaya.

Kowace DC tana da lambar da ke ƙaruwa da ɗaya duk lokacin da aka yi canji a kundinta, ana kiranta USN. 'Yan uwanta kuma kowace tana rubuta inda ta tsaya da ita. Misalinsa littafin rasit ne a shago. Akanta ya zo ya shigar da ciniki har zuwa rasit mai lamba 5,200, ya rubuta a littafinsa cewa nan ya tsaya. Bayan tafiyarsa sai aka canza littafin da wani wanda ya faro daga 5,001, yaron shago ya ci gaba da yankar rasit ga sababbin masu saye. Akanta ya dawo ya tambayi abin da ke sama da 5,200, aka ce babu, ya juya ya tafi hankalinsa kwance. Cinikin rasit ɗari biyu ya bi iska, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Haka yake faruwa idan aka mayar da DC baya da sinafshot. Tana sake amfani da lambobin da ta riga ta yi amfani da su, 'yan uwanta kuma suna ganin sun riga sun karɓa.

Alamun ciwon suna da ruɗarwa. An buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, yana shiga a bene na ɗaya, a bene na biyu a ce ba a san shi ba. Wata ta canza kalmar sirri da safe, da rana tsohuwar ce ke aiki. Wanda aka sallama aka rufe asusunsa, a wani reshen ƙofa a buɗe take gare shi. Tun daga Windows Server 2003 SP1 sabar takan gane abin da ya same ta a lokuta da dama. In ta gane, sai ta rubuta lamba 2095 a littafin abubuwan da suka faru na Directory Service, ta dakatar da hidimarta ta tantancewa mai suna Netlogon, ta daina musayar bayanai, ta kuma sa wata alama a rajista mai suna DSA Not Writable da lamba 4. Matashin da ya ga haka, hannunsa zai yi ta ƙaiƙayin ya goge alamar ya sake kunna Netlogon. Kada ya kuskura. Sabar killace kanta ta yi don kada ta gurɓata sauran, kuma goge alamar ba ya dawo da canjin da ya ɓace. Maganin shi ne a sauke ta daga matsayin DC da ƙarfi, a share sunanta daga kundin sauran, a sake gina ta. Mafi muni shi ne lokacin da ba ta gane ba, domin idan lambobinta suka zarce inda 'yan uwan suka tsaya kafin su yi magana, ramin ya rufu da ciyawa, sai bayan watanni wani ya faɗa.

Da Windows Server 2012 Microsoft ya kawo garkuwa mai suna VM-GenerationID. Lamba ce mai tsawon bit 128 da na'urar masauki ke nuna wa VM, kuma tana canzawa duk lokacin da aka koma wani sinafshot ko aka shigo da kwafin VM. DC tana ajiye lambar a kundinta, tana gwada ta da wadda masauki ya nuna. In sun saɓa, ta san an mayar da ita baya. Nan take sai ta ɗauki sabuwar shaida ga kundinta domin 'yan uwanta su buɗe mata sabon lissafi, ta zubar da ragowar lambobin RID da take raba wa sababbin asusu, waɗanda ake ba ta ɗari biyar-biyar, ta kuma sake karɓo SYSVOL daga wata. Ci gaba ne na gaske, kuma Hyper-V da VMware na yanzu duk suna da shi.

Amma garkuwar tana da iyaka, kuma iyakar ce ake mantawa. Idan mutum ya ɗauki tsohon fayil ɗin faifan VM da hannu ya danne na yanzu da shi, lambar ba ta canzawa, ciwon kuma yana nan yadda yake tun 2003. Sannan sinafshot yana zaune ne a wurin da VM ɗin take, duk abin da ya ci ɗaya ya ci ɗayan. Haka batun mayar da sabar ƙarfe ta koma VM da kayan aiki irin su Disk2vhd: daga lokacin da aka ɗauki hoton, duk canjin da tsohuwar ta karɓa rami ne, kuma in aka kunna su biyun a netwok ɗaya an haɗa rigimar da ba ta da daɗin rabuwa. Wanda ke son komawa VM, hanya mafi tsabta ita ce ya kafa sabuwar Windows a VM, ya ɗaga ta ta zama DC, ya jira ta kwashe komai, sannan ya sauke tsohuwar cikin mutunci.

Wannan ya kai ga tambayar da ya kamata a fara yi ranar da saba ta faɗi, kafin a taɓa kwafin ajiya: akwai wata DC mai lafiya? In akwai, a mafi yawan lokuta maidowa ɓata lokaci ne da jawo haɗari. A share sunan mamaciyar daga kundin. In tana riƙe da wani daga cikin muƙamai biyar na musamman da ake kira FSMO, a ƙwace shi a ba mai rai, tare da sanin cewa wadda aka ƙwace wa muƙami irin na RID ba a sake barinta ta dawo netwok. Daga nan a kafa sabuwar VM a ɗaga ta. Matasa da yawa suna jin kamar wannan gazawa ce, kamar ƙwarewa ita ce a tayar da wadda ta mutu. Ƙwarewa ita ce ma'aikata su koma bakin aiki da kundi guda ɗaya mai gaskiya.

Maidowa tana zama dole ne a hali biyu: an goge abin da ake buƙata, ko babu sauran DC ko ɗaya. Na farkon ma yana da gajeriyar hanya tun Windows Server 2008 R2, wato kwandon shara na Active Directory, wanda ke dawo da asusun da aka goge tare da rukunoninsa cikin minti ɗaya. Ba ya zuwa a kunne, kuma ba ya ceton abin da aka goge kafin a kunna shi. Duk wanda ya karanta wannan bai san ko nasa a kunne yake ba, aikin gobe da safe ya samu. In babu kwandon, sai a maido da kwafin, a shiga manhajar ntdsutil a ayyana abin da aka goge a matsayin mai rinjaye, domin in ba haka ba sauran sabobin za su sake goge shi da zarar sun gaisa.

Hali na biyun shi ne wanda ya cancanci a gan shi kusa. An kafa VM babu komai a cikinta, faifanta bai gaza na asali girma ba. In tsohuwar sabar da BIOS take tashi, a Hyper-V sai a zaɓi VM ta zubin farko, in da UEFI ne sai ta zubi na biyu, kuskure a nan kuwa baƙin allo ne kawai. An jona katin netwok ɗinta da keɓaɓɓen layin da ba ya fita ko'ina. An tashe ta da faifan Windows, an zaɓi gyara maimakon ɗorawa, an nuna mata inda kwafin yake, an zauna jira. Ta tashi. Abin da zai fara ba mutum mamaki shi ne adireshin IP ɗinta ya ɓace, domin yana manne da tsohon katin da babu shi yanzu, sabon katin kuma yana neman wanda zai ba shi adireshi. Sai an sa shi da hannu, an kuma nuna mata kanta a matsayin DNS. Za ta iya daɗewa tana juyi, tana neman 'yan uwan da ba za su amsa ba. Daga nan a rubuta net share a duba: in babu SYSVOL da NETLOGON a jerin, ba ta fara aikin DC ba tukuna, sai an ayyana nata SYSVOL ɗin a matsayin na asali. Bayan haka umarnin dcdiag da repadmin su faɗi sauran.

A tsakiyar wannan aiki ne ake cin karo da wata kalmar sirri da kusan kowa ya manta da ita. Akwai yanayi na musamman da ake tayar da DC a cikinsa kundin yana kashe, ana kiransa DSRM. A nan asusun kowa ba ya aiki, har na babban mai kula, sai asusu ɗaya na cikin gida wanda aka sa wa kalmar sirri ranar da aka fara ɗaga sabar. Wataƙila shekara bakwai ke nan, wataƙila wanda ya sa ta ya daɗe da barin aiki. Muddin sabar na da rai, canza ta aikin minti biyu ne da ntdsutil. Sai dai kwafin ajiya yana ɗauke da kalmar da ke aiki ranar da aka ɗauke shi, saboda haka a canza yau, a ɗauki sabon kwafi, a rubuta kalmar a takarda a rufe a ambulan a sa a sef.

Takarda ba ƙauyanci ba ce a wannan aiki. Abubuwa da yawa da ake buƙata don tayar da DC su kansu sun dogara da DC. Na'urar masauki tana cikin tsarin, mai kula ba shi da asusun cikin gida da zai shiga da shi. Sabar ajiya ita ma haka. Takardar matakan maidowa tana cikin foldar da ba ta buɗuwa sai an tantance mutum. A wuraren da wuta ke yawan ɗaukewa, inda janareta kan makara batirin UPS ya ƙare, ana ganin ƙaramin samfurin wannan a kai a kai: komai ya mutu tare, komai ya tashi tare, sabobin manhaja su riga DC tashi su yi ta lalube. A saita masauki ya fara tayar da DC, sauran su jira 'yan mintoci. A kuma kula da agogo. Kerberos, tsarin da ke ba da tikitin shiga, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti biyar. Masaukin da ƙaramin batirin agogonsa ya mutu zai iya tashi da kwanan watan shekarun baya ya ɗora wa DC, ita kuma ta raba wa kowa. Sabar da ke riƙe da muƙamin PDC, ɗaya daga cikin muƙamai biyar ɗin nan, ya kamata ta karɓi lokaci daga amintacciyar majiya ta waje, ba daga masaukinta ba.

Akwai kuma amana. Fayil ɗin ntds.dit yana ɗauke da sawun kalmomin sirrin kowa, daga mai gadi har manajan darakta. Wanda ya samu kwafin ajiyar DC, ko fayil ɗin faifan VM ɗinta, ya samu ma'aikatar gaba ɗaya, zai tafi gida ya yi ta fasa su a nitse. Faifan ajiya da ke yawo a jakar goyo tare da caja da biskit cin amana ne ko da ba a yi niyya ba. A kulle kwafin da makullin sirri, a taƙaita masu iya taɓa masaukin, domin mai iko da masauki mai iko ne da duk abin da ke cikinsa. Tsohuwar ƙa'idar nan da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa har yanzu tana aiki: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Zamanin masu garkuwa da bayanai ya ƙara sharaɗi, domin su kwafin ajiya suke fara nema su lalata kafin su bayyana kansu. Dole ɗaya ya kasance a cire daga netwok, ko a ma'ajin da ba ya karɓar gogewa, kuma kada asusun da ke mulkin Active Directory ya zama shi ne ke mulkin sabar ajiya.

Idan hari ne ya kawo faɗuwar, kwafin jiya ba lallai ne ya fi ba, domin ɓarawon kan yi makonni a ciki kafin ya kunna wuta. Sai an nemi wanda ya riga shigarsa. Jagorar Microsoft ta farfaɗo da tsari gaba ɗaya ta ce a maido da DC guda a kowane yanki na tsarin, a killace. A kanta za a ƙwace muƙamai, a share sunayen sauran, a ɗaga lissafin RID da 100,000 don kada a sake raba lambar da aka taɓa bayarwa, a canza kalmar sirrin asusun krbtgt sau biyu. Sau biyun yana da dalili: tsarin yana tuna kalma ta yanzu da wadda ta gabace ta, kuma da wannan asusun ake buga tikitin jabu da ke buɗe kowace ƙofa. Sauran sabobin ba a maido su daga ajiya, sababbi ake ginawa su kwafa daga wannan ɗayar.

Duk wannan ba ya zama a kai da karatu. Abin farin ciki shi ne koyonsa ba ya buƙatar ɗakin saba. Microsoft na ba da Windows Server ta gwaji kyauta na kwana 180, Hyper-V yana cikin Windows 10 da 11 na Pro, kwamfutar cinya mai ƙwaƙwalwar gigabait 16 kuma za ta ɗauki DC biyu da kwamfutar ma'aikaci ɗaya. Matashi ya kafa su, ya buɗe asusu ashirin, ya ɗauki kwafi, ya goge rabi, ya dawo da su. Ya kashe sabobin biyu ya tayar da ɗaya daga ajiya a sabuwar VM. Ya kwafi faifan ɗaya da hannu, ya yi canje-canje, ya danne da tsohon, ya zauna ya ga lamba 2095 da idonsa a wurin da babu albashin kowa a ciki.

A wurin aiki kuma ya nemi izinin oga a rubuce, ya riƙa yin gwajin da kwafin gaske a keɓaɓɓen layi, ko da sau biyu ne a shekara, agogo a gefensa. Abin da zai fito da shi shafi ɗaya ne: kwafin wace rana aka gwada, awa nawa aka ɗauka daga kafa VM zuwa shigar ma'aikaci na farko, a ina aka maƙale, me aka gyara. Idan awa tara aka yi alhali ma'aikatar ba za ta jure fiye da uku ba, wannan shafin ne zai sa a saki kuɗin ƙarin faifai ko masauki na biyu. Bayan gwaji a goge VM ɗin gaba ɗaya, tunda tana ɗauke da sirrin kowa. A buga shafin kwafi biyu, ɗaya a sef tare da ambulan, ɗaya wurin abokin aikin da zai riƙe ɗakin ranar da mai shi ya tafi hutu, a kuma sa ranar gwaji na gaba a ƙasansa.